Shari'ar Mutumin Gamzaki

A shekarun da Nasara ke naɗe tabarmarsu suna komawa gida, kowa ya samu abin da ya samu. Wasu sun samu kujera a buro, wato ofishin gwamnati, wasu mota, wasu gidan kumandan da kukunsa. Sha'aibu, ɗan garinmu Gidan Tsoho da ke yamma da Gangara, ya samu na'urar ɗaukar hoton silima. Wani Bafaranshe da ya yi wa aiki a Maraɗi ne ya bar masa ita da 'yan gwangwanayen fim, ba don ƙauna ba, don akwatinsa ya ƙi rufuwa. Dama Sha'aibu mai juya majigi ne a gidan silima, ya kalli fina-finai har sun hau masa kai. Ya dawo gida bayan an gama yankan gero, da baƙin tabarau a fuska, ya tara mu ya ce tunda ƙasa ta samu 'yanci, ya kamata ta samu dodonta na kanta.

Lokacin nan rediyon mai gari ba ta da zance sai na sama: yau an harba kare sararin samaniya, gobe an harba mutum. Daga nan Sha'aibu ya ɗauko labarinsa, ya sa masa suna Mutumin Gamzaki. Wai wata halitta ce a can tauraron asuba, ruwan garinsu ya ƙafe, sai ta sauko duniya tana tsotse ruwan jikin mutane da tiyo har su bushe. Wani dattijo ya tambaye shi, cikin ladabi, me ya hana halittar ta je rijiya kamar kowa, ga ta nan bakin gari da guga a rataye. Sha'aibu ya cire tabarau ya dube shi, ya ce wannan tambayar wanda bai san silima ba ce. Har yau ba a amsa ta ba.

Dodo yana bukatar tsawo, a garinmu kuwa tsawo na Na'Allah ne. Manomi ne shiru-shiru, irin wanda akuyar wani za ta shiga gonarsa ya rako ta gida har da ba mai ita haƙuri. Bai so ba. Amma Sha'aibu ɗan ƙanwar uwarsa ne, kuma Na'Allah tun da aka haife shi bai iya cewa a'a ba. Wanda za a tsotse kuwa ba a sha wahalar nemansa ba. Ɗanlami, abokin Na'Allah tun ɗakin kaciya, shi ya yi ta naci a ba shi, don yana so a gan shi a bango.

Kuɗi babu, sai dabara. Kan dodo babbar ƙwarya ce aka shafe da farar ƙasa, aka huda, aka liƙa mata fitilun keke biyu. Jikinsa buhunan gyaɗa ne. Tiyon daga wani mataccen kamyo na ɗaukar kaya aka ciro shi a tashar Gazawa. Jirgin da ya sauko da shi daga sama kuma tasoshin Barira ne, matar Na'Allah, guda biyu aka kifa wa juna aka rataya a reshen gawo da zare. Barira ta ba da su bisa sharaɗin su dawo kafin ta kwashe tuwo, saboda haka duk saukar da jirgin nan ya yi cikin gaggawa ya yi ta.

Babbar dokar Sha'aibu ita ce ba a maimaitawa, domin fim ɗin ba shi da yawa. Abin da ya shiga ya shiga. Aka ce mana in dodo ya ɓullo daga bayan rumbu mu watse da ihu. Muka watse, amma da dariya. Liman kuwa, da ya zo wucewa bai san ana aiki ba, ya tsaya ya yi wa dodo sannu da zuwa, dodo ya durƙusa ya amsa. Wannan ma ya shiga.

Ranar ƙarshe da tsakar rana aka yi babban wurin. Dodo ya kama Ɗanlami ya kafa masa tiyo a wuya, Ɗanlami ya yi ta shure-shure fiye da yadda aka ce ya yi. Sha'aibu ya tsayar da na'ura, aka tuɓe wa Ɗanlami riga da hula aka cusa musu karan dawa aka kwantar a wurin, wai ga shi ya bushe. Saura jarumi ya zo ya watsa wa dodo kanwa ya narke. Jarumin yana tsaye da kanwarsa a hannu, na'ura tana juyawa, sai igiyar da ta riƙe ƙwaryar ta tsinke. Kan dodo ya faɗi ya gangara. Fuskar Na'Allah ta fito, gumi ya kwaɓe da farar ƙasa, idanu sun yi jawur, ya juyo ya kalli na'urar. A daidai nan fim ya ƙare ƙaf, ba a kashe dodo ba.

Aka aika da gwangwanayen can wata uwa duniya a wanke. Ba su dawo ba sai ƙarshen damina, har mun fara mantawa. Sha'aibu ya aro majigi da injin wuta daga Gazawa, aka kafa farin zane a bangon zauren mai gari, bayan magariba gari duka ya zauna. Fim ɗin ba ya magana, shi Sha'aibu ne ke yin muryar kowa, har da ta jaki.

Ni da na gani zan faɗi gaskiya: aikin ya yi muni. Jirgin sama ya sauko da furannin tasar Barira ɓaro-ɓaro a jikinsa, zaren kuma ko makaho ya lalubo shi. Fitilar dodo ta hagu ta mutu tun a tsakiya. A buhun da ke bayansa ana iya karanta tambarin masu sayen gyaɗa. Inuwar Sha'aibu da tabaransa tana cikin kusan kowane wuri. Mun yi dariya har wasu suka kwanta. Da Liman ya ga kansa yana gaisawa da dodo sai ya ja rawani ya rufe baki.

Sannan ƙwaryar ta faɗi.

Duk muna wurin ranar da abin ya faru, kuma ranar dariya muka yi. Amma a bango wani abu ne daban. Fuskar ta cika zanen, girmanta ya kai rumbu, ba ta motsi, ba ta ƙifta ido, tana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. Ga rigar Ɗanlami a ƙasa ba kowa a ciki. Sai zanen ya yi fari fat, injin yana ta ƙara shi kaɗai. Na ga silima bayan nan a Maraɗi da Katsina, masu kuɗi da masu kayan aiki, ban taɓa ganin abin da ya tayar min da tsikar jiki kamar wannan ba. Mutane suka tashi ba sallama, mata suna lalubar 'ya'yansu.

Ba a daɗe ba Ɗanlami ya kwanta. Ƙarshen damina ne, rabin gari na fama da masassara, amma tasa ta yi tsanani. Ya daina cin abinci, ya rame, wuyansa ya fito. Cikin zafin ciwo ya fara sambatu, kuma sunan da ya kira shi ne na Na'Allah. Uwarsa, Inna Tala, ta fito tsakar gari da kallabi a hannu tana kururuwa an kama kurwar ɗanta.

A garinmu wannan magana ba wasa ba ce. In mara lafiya ya kira sunan mutum, an san abin da ake nufi, kuma an san maganinsa: wanda aka kira ya tuɓe riga ya tsallake mara lafiyar a gaban jama'a, ya saki kurwar. In ya ƙi, an ce ya ƙudura kisa. In ya tsallaka, ya amsa da bakinsa shi maye ne, kuma sunan ba ya wankuwa. Ba mai sake cin abinci kwano ɗaya da shi, ba mai neman 'yarsa, ba mai barin yaro ya yi wasa a ƙofar gidansa. Na'Allah yana da 'ya'ya mata uku. Ya shige ɗaki ya zauna.

Mai gari Magaji mutum ne mai tsoron fitina, musamman irin wadda ke jawo jandarma, 'yan sandan gwamnati, daga Gazawa. Ya hana a taɓa kowa, ya ce a hallara da hantsi a gindin tsamiya a bincika. Barira ba ta jira hantsi ba. Ta samu Sha'aibu yana goge na'urarsa da tsumma.

Ta ce, "Kai ka sa shi cikin buhu, kai za ka hidda shi. Ka tashi ka tahi ka hwaɗa ma mutane aikin banza ka yi."

Sha'aibu ya ce, "Haba Yaya Barira, aikin banza hwa? Kin ga yadda anka watse?"

"Na gani. Shi ya sa nike nan. Duk ƙaryar da ka ƙulla ka kwance ta gaban mai gari, ɗaya ɗaya, ko na niƙa wagga na'ura taka a turmi."

Ya san za ta iya. Ya zo da kayan dodo a buhu, fuska a murtuke.

Ban taɓa ganin zama irin wannan ba. An kwantar da Ɗanlami a tabarma a inuwa, yana numfashi sama-sama. Na'Allah yana gefe guda a tsugune, an bar fili tsakaninsa da kowa. Abin da za a duba shi ne ko fim ɗin yana da kyau. In ya tabbata shirme ne, Na'Allah ya tsira. In ya tabbata yana da kyau, ya shiga uku.

Magaji ya fara da jirgin. Ya ce, "Wanga abu da ya sauko daga sama, mine ne?"

Sha'aibu ya ce, "Tasa ce, ranka ya daɗe."

"Tasar wa?"

Barira ta ɗaga su sama, da sauran tuwon jiya a gindin ɗaya. Aka kwashe da dariya. Na'Allah ya ce alhamdulillahi a hankali.

Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idanun dodo na keken malamin lakol ne, wato makarantar boko, kuma yana nan yana jiran a biya shi fitilar da ta mutu. Tiyon a toshe yake, Magaji da kansa ya sa baki ya zuƙa, bai samu komai ba sai tsatsa da tari. Hayaƙin da ya tashi lokacin saukar jirgi kashin shanu ne aka kunna. Kowane asiri da aka tona, mutane sai su ƙara matsowa, filin da ke kewaye da Na'Allah yana raguwa. Sha'aibu kuwa yana ƙara duƙar da kai. Wani ya ce ai ko wasan yara na tashe ya fi wannan tsari. Wani ya sake tayar da zancen rijiya.

Mutum ɗaya ce ta tsaya wa fim ɗin, ita ce Inna Tala.

Ta ce, "Ku yi ta dariya. Ni na ga ɗana ya bushe da idona."

Sha'aibu ya ce, "Kara ne, Inna. Ni na cusa shi cikin riga."

"Kara? To in kara ne, mi ya sa tun daren nan ban runtsa ba? Ina ruhe ido sai in ga abin nan shina tahowa daga bayan rumbu. Ko tsakar rana ba ni iya zuwa ɗibar hatsi ni ɗaya."

Na lura da fuskar Sha'aibu lokacin da ta faɗi haka. Ta yi haske. Tun safe ake yaga shi, ga tsohuwa tana gaya masa abin da ya yi shekaru yana son ji. Ya tambaye ta, da wata murya mai laushi, wane wuri ne ya fi ba ta tsoro. Barira ta yi gyaran murya mai ƙarfi, ya dawo hayyacinsa, ya zazzage karan daga buhu. Har da hular Ɗanlami a kai. Aka sake fashewa da dariya, wani saurayi ya kifa ƙwaryar a kansa yana bin mata, Liman ma ya murmusa.

Magana ta kusa mutuwa. Magaji ya gyara zama yana shirin sallamar mutane, har wani maƙwabci ya miƙa wa Na'Allah goro. Sai mai gari ya tuna, ba da mugun nufi ba, don dai a rufe komai.

Ya ce, "Saura guda. Huskar nan ta ƙarshe. Ita kuma da mi kunka yi ta?"

Na'Allah ya ɗaga kai karo na farko. Ya ce, "Cinnaka ce, ranka ya daɗe. Ta shiga buhun tana cizona, Sha'aibu kuwa ya ce kada in motsa."

Wasu suka yi dariya, amma ba sosai ba, don sun tuna fuskar. Duk aka juya ga Sha'aibu. Kalma ɗaya ake bukata daga bakinsa. Ko dai ya ce i, cinnaka ce, ko ya ce shi ya shafa masa barkono a ido, ko wace ƙarya ce ma ta wadatar. Barira ta kafe shi da ido. Shi kuma yana kallon saurayin da ke rawa da ƙwaryarsa, da tasoshin, da tulin kara a ƙasa. An ƙwace masa jirgi, an ƙwace masa dodo, an ƙwace hayaƙi. Wuri ɗaya ya rage masa a duniya wanda ba a yi wa dariya ba.

Ya miƙe ya mayar da tabarau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk sauran na yarda, ƙarya ce da ƙwarya. Amma wanga wuri kada a raina shi. Cinnaka ta ciji kowa nan wurin, wa ya taɓa yin kallo irin wannan? Ban koya mishi ba, ban shahwa mishi komi ba. Na ga manyan 'yan wasa na Turai, wallahi ba wanda ya iya shi. Abu ne da ke cikin mutum, ko shina da shi ko ba shi da shi. Na'Allah shina da shi."

Ya zauna yana huci, irin na wanda ya kare mutuncinsa. Ina jin har ransa ya ɗauka alheri ya yi wa ɗan'uwansa.

Maƙwabcin nan ya mayar da goronsa aljihu. Saurayin ya cire ƙwaryar ya ajiye a hankali ya goge hannunsa a riga. Inna Tala ba ta ma yi kururuwa ba, ta nuna tabarmar ɗanta kawai. Magaji ya dubi jama'a, ya dubi hanyar Gazawa, ya ga jama'a ta fi kusa.

Ya ce, "Na'Allah, ka yi haƙuri. Ka taimaka."

Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne da haƙuri aka roƙe shi, shi kuma ba a taɓa roƙonsa abu ya hana ba. Barira ta riƙe masa riga tana cewa Malam kada ka yi, ka tuna da ɗiyanka. Ya tsaya yana kallon Ɗanlami, wanda leɓɓansa suka tsage, ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙyar. Ya ce, "In ban yi ba ya mutu, ƙaƙa zan yi da raina?" Ya zare hannunta, ya tuɓe rigar, ya cire takalmi. Da dogayen ƙafafunsa ko tsalle bai yi ba, taki ɗaya ya wuce.

A ranar ne kuma ƙanen Ɗanlami ya dawo daga wurin likita a Gazawa da ƙwayoyin kinin, maganin masassara, aka dinga ɗura masa da kunu. Wannan ba wanda ya sa shi cikin lissafi. Masassara ta sauka, Ɗanlami ya tashi zaune ya nemi tuwo da miyar kuka, gari ya ɗauka an ga abin al'ajabi. Sha'aibu bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya ɗora majigin da fim ɗinsa a kamyo, muka ji labarinsa a kasuwar Cadakori, mai shela yana gaba yana cewa a zo a ga silima da maye na gaske a ciki. An ce sai da aka nuna shi sau biyu, mutane har kan katanga.

Na'Allah ya yi murna da tashin abokinsa, murna ta gaskiya. Ya ɗauki 'yan ƙwan zabi a ƙwarya ya tafi gaishe shi. Ya yi sallama a ƙofar zaure, ya tarar da Ɗanlami a zaune yana shan iska, ƙaramin ɗansa yana wasa a kan cinyarsa. Ɗanlami ya amsa da fara'a, har idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Abokina, na san ba da son ranka ba ne. An ce abin ba shi shawara da mai shi. Na gode da ka sake ni, Allah shi bar zumunci."

Na'Allah ya matso da ƙwaryar. Ya durƙusa zai ajiye ƙwan, yaron ya ga baƙo ya miƙo hannu yana dariya, yana so a ɗauke shi kamar yadda aka saba. Ɗanlami, yana ci gaba da murmushi, ya janye yaron ya mayar da shi bayansa, ya ja bakin riga ya rufe masa fuska.